Jan Ƙarfen da Na Goge

Ni ne mai laifi, kuma ba cikin rashin sani na yi ba, da gangan na yi. Na fara da wannan ne don duk wanda zai karanta abin da na rubuta game da Kawuna ya san irin hannun da ya rubuta shi.

Kawu ya rasu a Gadarif ana tsakiyar yankan riɗi. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yi shimfiɗar zaman makoki. Mutane sun zo daga Hawata, wasu daga Ƙala'at an-Nahal, kowa ya ɗaga hannu ya yi Fatiha ya nemi wuri. Ban ga wanda ya yi hawaye ba. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya ce shi har gobe idan ya ji an ce "Ustaz" sai gabansa ya faɗi. Wani dillalin dawa ya ce Allah ya jiƙansa, amma shi bai taɓa gaishe shi ya tafi da daɗin rai ba. Kafin shayi ya zagayo karo na biyu an fara rufe baki da gefen rawani ana dariya, domin wani ya tambaya wa zai gaji tudun yashin Ustaz. Suka juyo suna dubana, don sun san ni ne na fi kowa iya ba da wannan labari. Na tashi na koma bayan rumfa. 'Yarsa tana tsaye a ƙofar shiga wurin mata. Na ɗaga hannu zan yi mata Fatiha, ta dube ni har na sauke hannun, sannan ta shige.

Idan ban rubuta ba, abin da zai rage na Kawu ke nan a garin nan, dariyar bayan rawani. Matarsa kuwa, wadda muke ce wa Hajja, ko wannan ba za ta samu ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Kakanninmu masu niyyar Makka ne da suka tsaya noma a nan, tsayuwar ta zama zama. A duk zuriyarmu shi kaɗai ya yi karatu mai nisa. Bayan tafiyar Turawan mulki, lokacin da ake tura yara masu ƙwaƙwalwa waje, aka tura shi wata ƙasa mai sanyi. Yana tsakiyar aikinsa mahaifinsu ya rasu ya bar matansa da gona. Ya dawo da niyyar damina ɗaya. Bai sake komawa ba. Ya zama malamin kimiyya a sakandare har ya yi ritaya, kuma bai taɓa yafe wa garin nan ba.

Abin da ya dawo da shi ɗan akwati ne na katako, a ciki akwai wani jan ƙarfe zagayayye, bai fi girman murfin kofin shayi ba. Ba ya ƙyalli. Fuskarsa dushi-dushi take, kamar abin da aka manta a bayan ɗaki. Yana kuma da madubin ƙara girma na makaranta, wanda yake kira mikroskob.

Ni ban yi nisa a karatu ba, amma na ji bayanin sau da yawa har ya zauna. Ya ce ƙarfen da muke gani kamar abu guda, ƙwayoyin zarra ne jere sahu-sahu, kowace a mazauninta. A can inda ya yi aiki suna sa ƙarfe a cikin tulu, su zuƙe iskar ciki, su saki wata iska kaɗan, su cusa mata wutar lantarki. Ƙwayoyin wannan iska, waɗanda yake kira ayonat, sai su riƙa tafiya da gudu suna faɗa wa ƙarfen. Idan ya ga ba mu gane ba sai ya ce mu tuna lorin 'yan ƙodago da ake lodawa a kasuwa za a kai gona. An cika shi maƙil, sai wani ƙato ya diro daga sama. Ya bangaji ɗaya, ɗayan ya bangaji na kusa da shi, su ma su bangaji wasu, can a bakin lori wani wanda bai san abin da ya faru ba ya faɗo ƙasa. A tsakiya kuma a bar gurbi, wani ya maƙale a inda ba wurinsa ba. Ya ce bugu ɗaya ba ka ganin komai. Amma idan aka daɗe ana yi, kuma bugun yana zuwa a karkace, fuskar ƙarfen sai ta yi tudu da kwari a jere, kamar yashin da iska ta kaɗa. Ƙarfen da ya sha irin wannan yana ƙara tauri, sai dai ya daina lanƙwasa, karyewa yake yi. Wannan jan ƙarfen nasa shi ya yi masa haka da hannunsa, watanni yana tsaye a kansa, kuma shi kaɗai ya rage masa na shaidar cewa ya taɓa zama wani.

Na taɓa leƙawa ina yaro. Wallahi akwai su. Layi-layi, kamar bakin kogin Rahad idan ruwa ya janye.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa yara suke binsa da ido. Duk dogon ƙwan lantarkin da ya mutu a shago ko a masallaci, sai ya roƙa a ba shi. Ɗakinsa cike yake da su, a jingine a bango. Yakan nuna baƙin da ke ƙarshensu ya ce jahilai suna cewa hayaƙi ne, alhali ƙarfen ciki ne ayonat suka yi ta bugu har ya tashi ya manne a gilashi. Kalmar jahilai ba ta yi masa nauyi a baki. Ba ya ihu, ba ya zagi irin na kasuwa. Magana ce ƙarama, a hankali, kullum. Idan ka gaishe shi ya tambaye ka ko yau ka yi tunani ko sai gobe. Idan Hajja ta kawo abinci ya ce an gode, da gishiri ma zai ci. Ni kuwa da nake ajinsa ya taɓa gaya mini a gaban kowa cewa ko shekara aka yi ana jifana da ilimi babu abin da zai motsa a cikina. Ban gama shekarar ba na bar makaranta, na shiga warsha, wurin gyaran tarakta da faifan garma. A nan na tsufa.

Da na zama mutum, ina da abin hannuna, na so 'yarsa. Ita ma ba ta ƙi ni ba. Na tura baffana da dattawa. Ya karɓe su da kyau, Hajja ta dafa musu jabana, gahawarmu mai citta. Sai ya ce a kira ni. Na shigo na durƙusa. Ya ɗauko ƙwan lantarki ɗaya ya miƙo mini, ya ce in gaya wa dattawa mene ne wannan baƙin. Na san amsar, na rantse na san ta. Amma idanun mutane suna kaina, bakina ya ce hayaƙi.

Ya karɓi ƙwan ya mayar a bango. Ya ce wa baffana, "Kun ji. Wannan zan ba 'yata ta haifa mini irinsa?"

Baffana bai ƙarasa kofinsa ba.

Bayan shekara aka ba da ita ga wani malamin makaranta. A wurinmu idan biki ya matso, duk ƙarfen da ke gida sai an goge shi. Mata su zauna a inuwa da toka da lemun tsami, faranti, butoci, cokula, turmin gahawa, har sakatar ƙofa. Ƙarfe mai dushewa abin kunyar matar gida ne, baƙi za su tafi da maganarsa. Ni ɗan gida ne, dole in yi hidima ko raina yana ƙuna. Ranar gugar Kawu ya tafi kasuwar dabbobi. Aka aike ni ɗakinsa in ɗauko manyan faranti da ke kan kabad.

Na ga akwatin. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ce Shaiɗan ba, ni ne. A aljihuna akwai sanfara, takardar nan mai yashi da muke goge ƙarfe da ita a warsha. Na ɗebo toka da rabin lemo a wurin mata, na koma na zauna a kan gadonsa. Na san aikina. Na bi shi da sanfara mai laushi, na bi da toka, na matse lemo. Kafin a tafasa shayi ya zama kamar madubi, ina ganin fuskata a ciki.

Ina ɗaga kai na ga Hajja a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi hannuna, ta dubi akwatin a buɗe. Ta karɓe shi, ta zuba masa ruwa daga buta, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar ta rufe. Sannan ta ce in kwashi farantan, ana jira. Ita ce ta yi mini goyo lokacin da mahaifiyata ta yi jinya ina jariri, ina jin abin da ta duba ke nan.

Na yi ta jiran tashin hankali, bai zo ba. A lokacin yanar ido ta fara rufe idanun Kawu, yana ganin mutum kamar inuwa. Bayan biki da 'yan makonni wani baƙo ya zo, Kawu ya ɗauko akwati da madubi kamar yadda ya saba, ya ce ya leƙa ya ga tudun yashi. Baƙon ya leƙa, bai ga komai ba sai ƙyalli da 'yan zane-zanen sanfara, amma kunya ta sa ya ce Masha Allah. Ina wurin. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma wannan ma ina neman gafarar Allah a kansa.

Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Sai na ba da labari a warsha. Daga warsha ya shiga kasuwar hatsi, daga kasuwa ya shiga gidaje. Ban ce ni na goge ba, cewa na yi an haɗa da shi a gugar biki. Ya zama wasan gari. Duk baƙon da ya sauka, sai a ce a kai shi ya ga tudun yashin Ustaz. Mu zauna a ɗakin nan mai matattun ƙwayayen lantarki, muna taɓa juna da gwiwar hannu, tsoho yana bayani da yatsa a sama. Ni nake jan tawaga. Har tambaya nake yi masa don ya ƙara tsawo.

Kuma duk lokacin da aka zo sai ya kira Hajja ta kawo wa baƙi jabana. Idan ta ajiye za ta fita ya ce ta tsaya ta ji, ita ma ta ƙaru. Ta tsaya a jikin bango da faranti a hannu. Ya ce wa baƙi su dubi yadda aka adana shi, shekara da shekaru ko ƙura ba ta taɓa shi ba, wannan aikin matarsa ne, mace mai tsabta, ba ta iya ganin abu ta bar shi yadda yake. Mu kuwa muna ƙunshe dariya. Shi ba ya shan gahawar. Tun bayan bikin ya daina, ya ce zuciyarsa ce ba ta so. Ya kuma mayar da kwanansa ɗakin nan, ya ce tari yake yi kada ya dame ta. Duk muka yarda. Hajja ta yi ta ramewa, maganarta ta ragu, muka ce girma ne.

Ba zan ɓoye alherinsa ba, don yana da shi, ko da yake a naɗe yake cikin ƙaya. Wata shekara ana tsakiyar girbi injin wani mai gona ya riƙa zubar da mai, washar nan ta jan ƙarfe mai kamar zobe da ke toshe bakin bututun ta yi tauri ta daina kamawa, babu sabuwa a gari. Kawu ya ji ina ƙorafi wurin mahaifiyata. Ya ce in sa ta a wuta ta yi ja, in bar ta ta huce, za ta yi laushi kamar sabuwa, domin zafi yana ba ƙwayoyin da suka kauce dama su koma mazauninsu. Na gwada, ta yi. Har yau da wannan dabara nake ci. Na tambaye shi ko haka za a yi wa ƙwan lantarki ya tashi. Ya ce a'a, wanda ya kauce yana komawa, wanda ya tashi ya bar ƙarfen ya tafi ke nan. Sannan ya ce ashe dai akwai abin da ke motsi a cikina, sai dai a hankali.

Wata rana kuma na yi walda ba gilashi, hasken ya ƙone mini idanu, na kwana kamar an zuba mini yashi a ciki. Da hantsi sai ga shi da sandarsa, yana lalube, ya tako tun daga unguwarsu. Ya sa aka dafa shayi aka bar shi ya huce, ya zauna a gefen gadona yana jiƙa tsumma yana ɗora mini har la'asar. Bakinsa bai huta ba, ya ce makaho ɗaya ya ishi zuriya, kuma tasa makantar aƙalla karatu ne ya jawo ta. Hannunsa kuwa a hankali yake sauka. Ina kwance a ƙarƙashin hannun nan na yi niyyar faɗa masa. Da idanuna suka warke niyyar ta warke tare da su. Sati bai cika ba na kai masa wani direba daga Hawata ya ga tudun yashi.

Hajja ta riga shi da shekaru. Ciwo kaɗan ta yi. Ranar da aka kai ta bai yi kuka ba, ya dai tambayi wanda ke kusa da shi ko an goge butocin da za a ba mutane ruwa. Bayan rasuwarta ya daina fito da akwatin. Ko mun kawo baƙo sai ya ce ya gaji. Muka ce tsufa ya ci wasan.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi nauyi, 'yarsa ta dawo gida tana jinyarsa. Mahaifiyata, wadda ita ma ba ta iya fita, ta ce in je mu yafi juna da Kawuna kamar yadda ake yi. Abin da na je yi ke nan, yafiya ta baki, wadda ba a faɗin laifi. Bayan la'asar ne. Yana kwance, ya zama ƙashi da fata. Ya gane ni da tafiyata. Kafin in buɗe baki ya ce in ɗauko akwatin in sa masa ƙarfen a hannu. Ya shafa shi da babban yatsa.

Ya ce, "Ka san babu komai a kansa, ko? Duk kun sani. Ina jin ku kuna dariya ta hanci."

Ya ce tun daren bikin ya sani. Abin da ya riƙe shekaru masu yawa, yatsansa ba zai ɓata shi ba. Ya kai shi hanci ya ji lemun tsami, a ƙarƙashin lemon kuma ya ji humrar Hajja, wadda take haɗawa da kanta, babu mai irinta a unguwa. Ya ce bai tambaye ta ba, don mai tambaya yana neman a ba shi haƙuri ne, shi kuwa ba ya so. Ya ce mu muna zaton da shi muke wasa, shi kuwa mu ne sandarsa. Duk baƙon da muka kawo, ita yake sawa ta tsaya ta ji abin da ta kashe. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma bai sake shan abin da ta dafa a tukunyar gahawa ba har ta mutu. Yana faɗa ba da nadama ba. Kamar mai ba da labarin aikin da ya yi kyau.

Lorin nan nasa ya faɗo mini a rai, da wanda yake bakin lori.

Ina iya yin shiru. Kwanakinsa kaɗan ne, da ya tafi da abin da ya yarda da shi, ni ma in tafi da mutuncina. Idan na faɗa, na san abin da zan ɗora wa mutumin da ba shi da sauran lokacin gyara komai. Idan ban faɗa ba, Hajja za ta ci gaba da tsayuwa a jikin bangon nan. Na ji motsi a bayana, 'yarsa ce a bakin ƙofa da kwanon kunu, daidai inda mahaifiyarta ta tsaya a wancan lokaci.

Na ce, "Kawu, ba ita ba ce. Ni ne. Da sanfarar warsha na yi, a kan gadon nan."

Yatsansa ya tsaya a kan ƙarfen. Sannan ya ce, "Humrar fa?"

Na ce ta same ni ina yi, ta karɓa ta wanke, ta goge da mayafinta.

"Ta gan ka."

"Ta gan ni, Kawu."

Ya ce, "Ba ta faɗa ba."

Ya buɗe hannu, ƙarfen ya zame ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin gado, babu wanda ya bi shi. Ya kira sunan Hajja na yanka, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Sannan ya juya fuskarsa bango. 'Yarsa ta ce daga ranar bai ƙara karɓar abinci ba sai ruwa, kuma bai ƙara yi wa kowa baƙar magana ba, abin da ya fi komai tsorata ta. Abin da na faɗa masa bayan ya juya bango kuwa, bai amsa mini ba, ranar ko bayanta. Ban sani ba ko ya ji. Na durƙusa a bayansa, a wurin da na durƙusa ranar da ya miƙo mini ƙwan lantarki, na faɗi abin da na zo da shi a makare.

Na ce, "Kawu, na ɓata maka abin da ba ka da kamarsa, don ka kunyata ni. Na tara maka gari suna dariya. Na ga Hajja tana ƙarewa a gabana, ina shan gahawarta, ban taɓa tambayar dalili ba don ina tsoron amsar. Yau ma da na faɗa maka, na san ciwo na ƙara maka. Ba ni da abin da zan mayar. Ka yafe mini naka idan za ka iya. Nata kuwa ba a hannunka yake ba, ni da kai duk sai mun je mun same ta."